Wa ya mallaki linzamin kwamfuta, kuma me ake yi wa rajista a jikin matsen wayar ECG?

Tambaya: Malam, ni mai gyaran kayan asibiti ne. Na ci karo da jerin takardun mallakar ƙirƙira na wani injiniya, wasu a kan linzamin kwamfuta, wasu a kan ɗan matsen nan da ke haɗa wayar ECG, na'urar awon bugun zuciya, da liƙin da ake manna wa majinyaci a ƙirji. Abin ya ɗaure mini kai. Linzami ya haura shekara hamsin a duniya, matsen kuwa bai fi maɓallin riga ba. Me ya rage da mutum zai ce nasa ne? Ni ma na yi wa matsen wani gyara da ke hana shi suɓucewa. In nemi takarda?

Amsa: Ɗan'uwa, inda kanka ya ɗaure shi ne ka ɗauka takardar tana mallaka wa mutum kayan ne ɗungurungum. Ba haka take ba. Buɗe kowace daga cikin waɗanda ka gani, ka tsallake zane-zane da dogon bayani, ka je can ƙarshe inda aka jera wasu jimloli masu lamba 1, 2, 3. Waɗannan su ne da'awowi, kuma su ne kotu take kallo don sanin iyakar abin da aka mallaka. Kamar turakun iyakar gona suke: abin da ke cikinsu naka ne, taku ɗaya a wajensu kuwa na kowa. Mallakar ma ta shekara 20 ce daga ranar da ka shigar da nema, kuma a ƙasar da ta ba ka kawai. Injiniyan da ka gani bai mallaki linzami ba. Wataƙila abin da ya mallaka shi ne yadda wani sifirin yake kwanciya a ƙarƙashin maɓallin hagu, ko siffar haƙoran da ke cikin bakin matse.

Bari mu fara da linzamin, don labarinsa ya fi koyar da mutum. Douglas Engelbart ne ya yi tunaninsa a cibiyar bincike ta SRI da ke Menlo Park a jihar Kalifoniya, abokin aikinsa Bill English kuma ya ƙera na farko a 1964. Ɗan akwatin katako ne, maɓalli ɗaya a sama, ƙafafu biyu a ƙasa: ɗaya tana gungurawa idan ka tura gaba ko baya, ɗayar idan ka ja hagu ko dama. Kowace ƙafa tana juya wani ɗan ma'aunin lantarki, kwamfuta ta karanta nisan da aka yi, ta kai alama wurin a fuskarta. An shigar da nema a watan Yunin 1967, takardar ta fito ranar 17 ga Nuwamba 1970 da lamba 3,541,541. A tsakanin nan ne, ranar 9 ga Disamba 1968, ya nuna wa mutane kimanin dubu abin a San Francisco.

A wancan zamanin dokar Amurka shekara 17 take bayarwa daga ranar da takarda ta fito, ka ga ke nan ta mutu a 1987. Kwamfutar Macintosh ta Apple, wadda ta fara kai linzami gidajen mutane, sai a 1984 ta fito, kasuwar Windows kuwa sai daga 1990 ta buɗe sosai. Zuwa 2008 kamfanin Logitech kaɗai ya sanar da cewa ya ƙera linzami biliyan ɗaya. Engelbart ko sisi bai samu ba daga kason ciniki, domin shi ma'aikaci ne, takardar ta SRI ce. Shi da bakinsa ya ce daga baya ya ji sun ba Apple lasisi a kan kimanin dala 40,000. Kuɗi mai kauri da ya shiga hannunsa shi ne na kyautar Lemelson-MIT a 1997, dala 500,000. Ya rasu a 2013. Ka riƙe maganar ma'aikaci ɗin nan, za ta dawo kanka nan gaba.

Waɗanda suka zo bayansa kowa ya kama gefe ɗaya ne ya gyara. Da English ya koma cibiyar Xerox PARC, a 1972 ya cire ƙafafun ya sa ƙwallo, wanda ke iya gungurawa ta kowace fuska. Linzamin Xerox yana cin ɗaruruwan daloli kuma yana saurin lalacewa, sai Steve Jobs ya ba wani ƙaramin kamfanin zane, Hovey-Kelley, aikin yin wanda kuɗin ƙera shi ba zai wuce dala 15 ba. Dean Hovey ya haɗa samfurin farko da ƙwallon kwalbar turaren hammata da wani ɗan kwanon man shanu. Duk wanda ya yi zamanin kafe ya san ciwon ƙwallon nan: ka murɗe murfin ƙasa, ka fito da shi, ka sa farce kana kankare dauɗar da ta naɗe 'yan sandunan ciki. Wannan dauɗar ce ta buɗe ƙofar wata ƙirƙirar. A farkon shekarun 1980 Steve Kirsch da Richard Lyon, kowa a wurinsa, suka yi linzami mai aiki da haske, sai dai na Kirsch sai an ɗora shi a kan faifai na musamman mai layuka. A 1999 Microsoft ta fito da wanda ke ɗauke da 'yar kyamarar kamfanin Agilent, tana ɗaukar hoton teburinka sau 1,500 a daƙiƙa ɗaya, tana gwada na yanzu da na baya don ta gane inda ka nufa. Duk sunansu linzami, amma kowanne da turakunsa daban.

Fuskar taɓawa ma haka ta yi. E. A. Johnson ya bayyana ta tun 1965 a cibiyar binciken rada ta Malvern a Ingila, don masu kula da zirga-zirgar jiragen sama. Wayne Westerman da John Elias na jami'ar Delaware suka kafa FingerWorks, suna aiki a kan gane yatsu da yawa lokaci guda, Apple ta sayi kamfanin a 2005, iPhone ta fito a 2007. Da Apple ta kai Samsung kotu, a 2012 aka yanke mata diyyar da ta haura dala biliyan ɗaya, daga baya aka yi ta rage kuɗin har suka sasanta a 2018. Cikin abubuwan da aka yi shari'a a kansu har da ɗan tsallen nan da shafi yake yi ya dawo idan ka ja shi ya kai ƙarshe. Mu ma nan gida an taɓa yi: a 2007 kamfanin Lancor, mai kibod ɗin Konyin da aka tsara don rubuta harsunan Najeriya har da ɓ da ɗ da ƙ, ya kai ƙungiyar One Laptop per Child Babbar Kotun Tarayya a Legas yana neman dala miliyan 20, bisa zargin an kwaikwayi tsarin madannansa.

To, mu dawo kan matsenka, wanda kai kake ganin bai kai ya kawo ba. Lokacin da Willem Einthoven yake awon zuciya a Leiden a farkon ƙarni na 20, na'urarsa ta kai kilo 270, majinyaci kuma zama yake ya tsoma hannuwa da ƙafa cikin bokitan ruwan gishiri. Bokitin shi ne ilektirod ɗin, wato abin da ke ɗauko lantarkin zuciya daga fata. Ya samu kyautar Nobel a 1924. Liƙin da kake mannawa yau aikin bokitin nan yake yi: jel mai gishiri a ƙasa, ɗan faifai mai rufin azurfa da gishirin azurfa a tsakiya, kan maɓalli a sama. Maɓallin ma aro aka yi daga wajen teloli, irin na ƙarfen nan da ake dannawa ya kama, wanda Heribert Bauer ya yi wa rajista a Jamus tun 1885.

Abin da ya sa ɗan wurin nan ya zama fagen ƙirƙira shi ne ƙanƙantar abin da yake ɗaukowa. Lantarkin da zuciya ke kaiwa fata bai wuce kimanin milibolt ɗaya ba, wato kashi ɗaya cikin 1,500 na ƙarfin batirin tocila. A ɗakin kuma ga wutar gini tana kaɗawa sau 50 a daƙiƙa, ga fanka, ga majinyaci yana juyi yana tari yana gumi. Matse ya ɗan yi sako-sako kaɗan, sai ka ga layin ya yi kauri ya yi gashi-gashi, ko ya riƙa hawa da sauka kamar ba na mai rai ba, ƙararrawa ta kama kuka. Ta yi na ƙarya sau ɗaya, sau biyu, nas ta gaji ta rage mata murya, ranar da za ta yi na gaskiya babu mai ji. Kai da kake cikin aikin ka fi ni ganin wannan.

Saboda haka kowace damuwa a nan wani ya zauna ya nemo mata mafita ya yi rajista. Maɓallin da ake dannawa yana buƙatar ƙarfi, kuma ba ka son danna ƙirjin wanda aka yi wa aikin zuciya jiya ko na jaririn da bai isa haihuwa ba, sai aka yi matse mai ɗan hannu, ka matsa ya buɗe baki, ka saki ya cije ba tare da ka tura ba. Ƙarfe yana fitowa a hoton ƙirji ya rufe wa likita abin da yake nema, sai aka yi na roba mai haɗe da kabon wanda hoto ke ratsawa. Akwai wanda aka daddale shi don kada ya ci fatar wanda aka kwantar rub da ciki. Akwai mai kama kan maɓalli ya kuma kama liƙi mai harshe, don kada asibiti ya sayi waya iri biyu. Akwai wayoyin da ake yi wa majinyaci ɗaya a yar, don kada a kwashi cuta daga wannan gado zuwa wancan. Wasu kuma gaba ɗaya hankalinsu yana kan wuyan matsen ne, inda waya ke shiga, domin a nan take karyewa a ciki alhali robar waje tana nan lafiya lau. Duk wannan kuma sai ya jure bugun na'urar farfaɗo da zuciya ba tare da ya ƙone ko ya sace wutar da aka nufi majinyaci da ita ba.

Akwai wani gefen da na fi so ka sani fiye da maganar takarda. A da, ɗayan bakin wayar, wanda ke shiga kebul, tsinken ƙarfe ne tsirara. Girmansa kuma ya yi daidai da ramin wayar wuta irin wadda ake zarewa daga bayan na'ura. Hukumar FDA mai kula da magunguna da kayan asibiti a Amurka ta ƙirga cewa daga 1985 zuwa 1994 aƙalla jarirai da yara 24 ne wuta ta ja ta wannan hanya, biyar suka mutu. Wani a gida, ɗan'uwansa ƙarami ya ɗauki tsinken ya cusa a soket. Wani a asibiti, ma'aikaci ya ga waya biyu a kan gado ya haɗa su, bai san ɗaya a jikin bango take ba. A watan Mayun 1997 hukumar ta kafa doka cewa dole a rufe tsinken, aka fara da na'urori masu haɗari a 1998, sauran zuwa 2000. Shi ya sa na yanzu za ka ga ƙarfen ya nutse cikin hannun roba, yatsa ba ya kai masa, irin mai milimita 1.5 da ake kira DIN 42802. Wannan ba mallakar kowa ba ce, ƙa'ida ce da kowa zai bi. Idan ka ci karo da masu tsirara cikin tsofaffin kayan da ake kawowa gudummawa, ka datse su da almakashi kafin ka yar, kada wani ya tsinta ya mayar ɗaki. Ka kuma kula da launi, don tsari biyu ne: a na Amurka ja na ƙafar hagu ne, fari na hannun dama, a na Turai kuwa ja shi ne na hannun dama, rawaya na hagu. A ɗaki ɗaya kana iya samun duka biyun.

Haka ta faru da na'urar daidaita bugun zuciya da ake dasawa a jiki. Ta farko an dasa wa Arne Larsson ita a Stockholm a 1958, ya rayu har 2001. Shekaru da yawa kowane kamfani da irin bakin wayarsa, idan batir ya ƙare aka zo canji, likita sai ya nemi mahaɗi ko ya taɓa wayar da ta riga ta manne a cikin zuciya. Daga baya aka tsaya a kan ma'auni ɗaya, IS-1, mai milimita 3.2, wayar wannan kamfani ta shiga na'urar wancan. A ganina wannan yarjejeniyar ta ceci rayuka fiye da takardun mallaka ɗari.

Amma fa kamfanoni ba wawaye ba ne. Linzami ka saya sau ɗaya ka yi shekaru. Liƙi kuwa awon ECG cikakke guda ɗaya yana cin goma, a yar, gobe a sake. Riba tana cikin abin da ake yarwa. Shi ya sa bakin da ke taɓa majinyaci aka daidaita shi, amma bakin da ke shiga jikin na'ura kowane kamfani ya yi nasa, mai fil shida, mai goma sha biyu, mai zagaye, mai kusurwa, har ka tara akwati guda na kebul babu mai shiga na wani. Wani lokaci dalilin na fasaha ne, sau da yawa kuwa don ka dawo wurinsu ne. Kuma yanzu fagagen biyu da ka tambaya sun haɗe: agogon hannu kayan shigar da bayani ne, kuma na'urar awo ce. Kamfanin Masimo, mai na'urar auna iskar oksijin a yatsa, ya yi nasara a kan Apple a hukumar ciniki ta Amurka a 2023, har Apple ta kashe wannan awon a sababbin agogunan da take sayarwa a can a farkon 2024. Ba abin mamaki ba ne ka ga sunan injiniya ɗaya a kan linzami da matse, don duk aikin roba ne da sifirin da sanin yadda hannun mutum yake kama abu.

Yanzu ga naka. Abu na farko, ka yi shiru. Dokar Najeriya ta 1970 ta ce dole abu ya zama sabo, kuma idan an riga an bayyana shi ga jama'a a ko'ina kafin ranar nema, ya daina zama sabo. Bidiyo ɗaya a Facebook ko TikTok ya isa ya kashe maka shi. Wanda ya riga shigar da nema kuma shi ake ba, ko da kai ka riga shi tunani.

Sannan ka yi bincike da kanka, kyauta ne. Shiga Google Patents ko Espacenet, ka sa lambar rukuni A61B 5/274, nan ne aka tara masu haɗa waya da ilektirod ta hanyar maɓalli. Na linzami da danginsa suna G06F 3/033. Ka ba shi 'yan kwanaki, ka riƙa karanta da'awa ta ɗaya ta kowacce kana gwadawa da naka. Ba ina sare maka gwiwa ba ne, amma wannan wuri ne da aka daɗe ana tattakawa, mai yiwuwa ka tarar wani ya riga ka tun kafin a haife ka. In haka ta faru ba asara ba ce: takardar da ta wuce shekara 20 ta zama ta kowa, haka ma wadda ba a taɓa yi mata rajista a ƙasarka ba, kana iya ƙerawa ka sayar a gida.

Idan ka ga naka daban ne, ka tuna da Engelbart. Dokarmu ta ce abin da ma'aikaci ya ƙirƙira a bakin aikinsa na mai aikin ne, sai dai a wasu halaye a biya shi lada. In a bencin asibiti ka yi gyaran, da kayansu, a lokacin aikinsu, ka zauna da lauya ka duba takardar ɗaukarka aiki tukuna.

Rajistar a Abuja ake yi, a ofishin da ke ƙarƙashin Ma'aikatar Masana'antu, Ciniki da Zuba Jari, hukumar NOTAP kuma tana taimaka wa masu ƙirƙira na gida wajen shigarwa. Sai dai ka san nauyin abin da za a ba ka. Ofishin yana duba cikar takardu ne, ba ya bincikar ko abin sabo ne da gaske, doka ma ta faɗa ƙarara cewa ana bayarwa ba tare da tabbacin inganci ba. Ranar da wani ya ja da kai, Babbar Kotun Tarayya ce za ta auna ta. Akwai kuma kuɗin shekara-shekara, in ka daina biya ta faɗi. Idan gyaranka na siffa ne kawai, akwai rajistar zane, shekara biyar, ana sabuntawa sau biyu. Ita takardar mallakar ƙirƙira kuwa, daga ranar da ka shigar kana da wata 12 ka nema a wasu ƙasashe da wannan ranar, ko ka bi ta yarjejeniyar ƙasa da ƙasa ta PCT, wadda Najeriya ta shiga a 2005, ta ja maka lokacin zuwa wata 30. Wanda yake Nijar, Kamaru ko Chadi, ofishin OAPI na Yawunde zai nufa, nema ɗaya ya rufe ƙasashe 17, kuma suna da rajista ta musamman ta shekara 10 don ƙananan gyare-gyare irin naka. Gana da Sudan kuwa suna ƙarƙashin wani ofishin, ARIPO, mai hedikwata a Harare.

Ni da ni ne kai, kafin in kashe kuɗi mai yawa a kan lauya, zan fara tambayar wa zai ƙera kuma wa zai saya. Takarda ba ta ba ka izinin sa abu a jikin majinyaci, wannan hurumin NAFDAC ne, kuma kowane mai saye na kirki zai tambaye ka gwajin IEC 60601, ƙa'idar amincin kayan lantarki na asibiti. Ana iyawa daga nan yankin, Arthur Zang na Kamaru ya haɗa fuskar taɓawa da wayoyin ECG ya yi Cardiopad, ya ci kyautar Rolex a 2014. Ka samu littafi mai ɗinki ka rubuta komai da kwanan wata: nauyin da matsenka yake ɗauka kafin ya saki idan ka rataya masa abu, sau nawa yake buɗewa ya rufe kafin sifirin ya mutu, abin da mita take nunawa tsakanin bakinsa da ƙarshen waya idan kana girgiza shi, da yadda yake bayan an yi ta goge shi da sinadarin kashe ƙwayoyin cuta. Ka yi wa na kasuwa irin gwajin a gefe guda. Ka kuma tabbatar matsen yana saki idan aka fizge shi da ƙarfi, domin wanda ya ƙi suɓucewa sam, ranar da majinyaci ya faɗo daga gado ko ya miƙe a ruɗe, fatar ƙirjinsa zai ɗaye ko ya jawo na'urar ta faɗo masa a ka.